Ranar Da Na Auna Jinin Yaya Khairi

Assalamu alaikum 'yan uwana masu leƙo wannan shafi. Barakatu Sada ce. Kun dame ni da tambaya, wai yaya aka yi 'yar gidan da ba a zuwa asibiti ta zama nas. To yau ba ni da aiki, na wanke fararen kayana na shanya, sai ku gyara zama in mayar da ku Daura, shekarar 2009, lokacin ina aji shida na sakandare.

Wallahi har yanzu in na rufe ido ina ganin gidanmu na wancan lokacin. Ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, da zaure mai sanyi, da darbejiya a tsakar gida wadda randunan Umma biyu ke ƙarƙashinta. Can gefe turken awaki. Babanmu, Malam Sada, fataucin dabbobi yake yi, ranar Lahadi ba ka samunsa sai a kasuwar Mai'aduwa. Mu biyu kacal Allah ya bar wa Umma: Yaya Khairunnisa, wadda muke ce wa Yaya Khairi, tana aure a Sandamu, sai ni. Shi ya sa a gida ba mai kirana Barakatu, Auta ce kawai. Ita kuwa Yaya, da yake 'yar fari ce, ban taɓa jin Umma ta kama sunanta ba. Sai dai ta ce "yarinyar nan" ko "ta Sandamu".

Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce. Riga da wando ruwan toka, da farin hijabi har gwiwa, wanda tun da aka fara shari'a ya zama dole. Kullum da yamma nake wanke nawa in sa masa bula, in goge da dutsen guga na gawayi. Mu goma sha huɗu ne a ajin kimiyya, sauran 'yan mata suna ce mana masu wahalar da kai.

Wadda ta sa mini son aikin jinya ita ce Malama Ummukulsum, malamar Bayoloji. Doguwa ce, baƙa, mai tabarau da ta ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ta taɓa fara makarantar koyon jinya, lalurar gida ta sa ta bari, amma abin bai fita daga ranta ba. Ranar da muka shiga ajin kimiyya ta rubuta abu biyar a allo: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri, Fizis.

"Duk wadda ke son ta zama nas mai rijista," in ji ta, "waɗannan biyar ɗin sai ta ci kiredit a kowanne. Ba huɗu ba. Kada wadda ta zo mini da kuka daga baya."

Duk ranar Alhamis bayan an tashi, mu shida muke tsayawa da ita a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ta koya mana ƙirga bugun jini a wuyan hannu, da ɗaure ciwo da tsohon ɗankwali, da yadda ake kwantar da wanda ya suma. Tana da abin awon jini irin mai famfo ɗin nan, a wata jaka ruwan ƙasa da zif ɗinta ya lalace. Mukan yi ta auna junanmu muna dariya, wata ta matse hannun wata har ta yi ƙara. Kai, Allah ya jiƙan ƙuruciya. Ban ƙara samun Alhamis mai daɗin waɗancan ba.

Bayoloji da Kimistiri ba su ba ni wahala ba. Fizis ne ya zame mini ƙarfen ƙafa. Nan ne Yaya Musaddiq ya shigo labarin.

Ɗan aminiyar Umma ne. Ya gama kwalejin fasaha a Katsina, ya buɗe shagon waya kusa da tasha, yana kuma jan wata tsohuwar Golf ta mahaifinsa. Tun ina aji biyar ya nemi izini wajen Baba yake zuwa zance. Ba wanda ya tilasta mini, kada ma ku fara. Ina sonsa. Yakan zo bayan la'asar ranar Juma'a, cikin shadda mai ruwan sararin samaniya da hula zanna, turarensa ya riga shi shiga zaure. In shimfiɗa tabarma biyu, in kawo masa fura da nono a kwanon sha, in zauna can nesa ina wasa da bakin hijabi.

Shi ya kawo mini littafin tsofaffin tambayoyin WAEC, ya kuma roƙi Baba ya bar ni in riƙe 'yar Nokia mai tocila. Kullum da safe kafin in tafi makaranta sai ta yi ƙara.

"Slm Sista Baraka. Tambayar yau: mene ne bambancin nauyin abu da yawansa? In kin faɗi, ba tsire ranar Juma'a."

Ni kuma in amsa ina tafe a hanya, wani lokacin har in yi tuntuɓe.

"Kin ci rabi. Rabin tsinke za ki samu."

Ku faɗa mini, wace yarinya ce ba za ta narke ba? Saurayin da ke kiranki Sista tun ba ki zama ba. A raina na gama sa shi cikin masu goyon bayana, shi da Malama.

Matsalata a cikin gida take. Umma.

Umma mace ce mai sanyin hali, ko akuya ba ta yi wa tsawa. Amma da zarar an ambaci asibiti sai fuskarta ta rufe. Ciwon kai, ta jiƙa tsamiya. Zazzaɓi, ta dafa ganyen darbejiya a yi sirace. Ranar da na fara gaya mata burina tana tankaɗen garin tuwo, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malanta za ki karanta. Ki koyar da safe, azahar kina ɗakinki."

"Umma, ai ko a rediyo malamai suna cewa a bar mata su yi karatun asibiti, don mata su riƙa duba mata."

"Su bar 'ya'yansu."

"Umma don Allah…"

"Auta, miƙo mini rariyar can."

Shi ke nan an rufe magana. Na kai ƙara wajen Baba yana alwala a bakin zaure. Ya saurare ni tsaf, ya shafa kansa, ya ce, "Ni ba ni da ta cewa. Ki shawo kan uwarki. Amma ki bi ta a hankali, tana da dalilinta." Na ce wane dalili? Ya ɗauki butarsa ya yi masallaci.

Da na faɗa wa Yaya Musaddiq, murmushi ya yi ya ce, "Ke dai ki yi ta karatu. Komai lokaci ne." Na ji daɗin maganar nan ƙwarai a lokacin.

A watan Maris, ana tsakiyar zafi, aka kawo Yaya Khairi gida goyon ciki, da yake haihuwar fari ce. Cikinta wata takwas. Murna a wajena ba a magana, don ɗaki ɗaya muka koma kwana kamar da. Ta zo da akwatin kayan jarirai, muka yi ta ɗaga 'yan riguna da safa muna shewa. Awo kuwa sau ɗaya ta taɓa zuwa a Sandamu, da ta ga layi ya yi tsawo ba ta koma ba. Umma ta ce ba komai, ungozomar unguwarmu tana nan, ita ta karɓi haihuwata.

Sati biyu da zuwanta na lura zoben hannunta ya nutse cikin yatsa. Silifas ɗinta ya daina shiga, sai na Baba take ja. Da safe fuskarta takan tashi fam, idanun sun ƙanƙance. Matan da ke shigowa sai su yi dariya su ce, "Wannan kumburi ai namiji ne," wata ta ce tagwaye. Umma ta jiƙa mata maganin zaƙi.

Alhamis ɗin makon na tsaya bayan kowa ya watse, na kwatanta wa Malama Ummukulsum. Ina cikin magana na ga ta cire tabarau.

"Fuska da hannu, ba ƙafa kaɗai ba?"

"Har fuska, Malama."

"Tana ciwon kai?"

"Jiya ta ce kamar ana sara mata."

Sai ta ɗauko jakar nan ruwan ƙasa, wadda ba ta taɓa barin kowa ya fita da ita ba, ta sa mini a hannu.

"Ki auna ta tana zaune, ta huta. In na sama ya kai ɗari da arba'in, ko na ƙasa ya kai casa'in, asibiti. In ta ce tana ganin duhu ko walƙiya, ko ƙahon zuciyarta na ciwo, kada ki jira kowa. Jijjiga ce ke tafe, tana kashe uwa da ɗa. In ta fara, ki kwantar da ita ta gefe, kada a sa mata komai a baki. Kin ji ni, Barakatu?"

Na ce na ji. Amma zan faɗa muku gaskiya, tunda na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba: kwana uku jakar nan tana ƙarƙashin katifata ban fito da ita ba. Tsoron Umma nake ji. Har yau in na tuna kwana ukun nan sai na yi istigfari.

Ranar Lahadi da hantsi, Baba ya tafi Mai'aduwa tun da sassafe, Umma tana madafa. Na shiga ɗaki na tarar da Yaya zaune a bakin gado ta dafe kai da hannu biyu. Na jawo jakar.

"Yaya, kawo hannunki."

"Ke Auta, ba na son wasa yau."

"Ba wasa ba ne."

Na naɗa mata, na sa abin sauraro a kunne, na yi famfo. Na ji bugun farko a ɗari da saba'in. Ya ɓace a ɗari da goma. Na ce a raina kuskure na yi, ai ni ɗaliba ce. Na sake a ɗaya hannun. Haka dai.

"Mene ne wannan?"

Umma ce a bakin ƙofa, da muciya a hannu.

"Umma, jinin Yaya ya hau sosai. Malama ta ce in ya kai haka a tafi asibiti yanzu."

"Cire mata abin nan."

"Umma…"

"Na ce cire! Tun ba ki je ko'ina ba kin fara kawo mini asibiti cikin ɗaki?"

Ban taɓa jin muryarta haka ba. Na cire, amma ban matsa ba. Na durƙusa a gabanta na ce, "Umma ki dake ni in kina so. Amma ki faɗa mini me asibiti ya yi miki."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta jingina muciyar da bango, ta zauna a dokin ƙofa, ta juya mana baya. Da ta fara magana, kamar da darbejiya take yi.

"Tsakaninki da yarinyar nan akwai namiji. Ba a garin nan ba ne, lokacin babanku yana zaune wani wuri. Naƙuda ta yi tsawo aka kai ni asibiti. Na samu wata mai farin kaya. Ina kiranta ina cewa 'yar uwa ki taimake ni, abu yana fitowa, ta ce in rufe mata baki, ba ni kaɗai ba ce mai haihuwa. Da na ƙara kira ta zo ta ɗaka mini duka a cinya, ta faɗa mini maganar da har in mutu ba zan maimaita ba. Ta koma ta zauna tana cin gyaɗa. Ni kaɗai na haife shi, cibiya naɗe a wuya. Yana motsi, Auta. Na ga yana motsi. Kafin ta taso ya daina."

Ta share fuska da gefen zane.

"Ko sannu ba ta ce mini ba. Shi ne kike so in ɗauki 'yata in kai musu, in kuma ɗauke ki ki zama irinsu."

Ban san da wannan yaron ba sai ranar. Hawaye kawai nake yi. Wallahi da a nan maganar ta tsaya, da na mayar da jakar na haƙura da komai.

Sai Yaya ta ce, a hankali, "Auta, wa ya rufe taga? Ban gani sosai. Wasu taurari nake gani."

Taga a buɗe take, rana tar.

Ban ƙara neman izinin kowa ba. Na ɗauki waya na kira Yaya Musaddiq. "Ka zo da mota yanzu yanzu, Yaya ce." Bai tambaye ni komai ba, ya ce ga shi nan. Na zura wa Yaya hijabi, na ɗauki zane biyu, na kama ta muka fito tsakar gida. Umma ta miƙe ta tsaya a hanyar zaure. Na ce a raina yau sai dai in ture mahaifiyata, Allah ka yafe mini. Muka kalli juna. Ta kalli fuskar Yaya, yadda take lalube da hannu kamar makauniya. Sai ta juya ta shige ɗaki. Na zaci fushi ta yi. Ashe mayafi ta ɗauko.

Muna cikin mota, mun wuce kasuwa kaɗan, abin ya zo. Jikin Yaya ya sanƙare, idanu suka juye, ta fara fizga, kumfa na fita. Umma ta ƙwalla salati tana neman cusa mata yatsa a baki don kada ta ciji harshe.

"Umma kar ki sa! Taya ni mu juya ta gefe!"

Muka juya ta, kanta a cinyata, na sassauta mata hijabi. Ina jin Yaya Musaddiq yana ta danna ham yana "Hasbunallahu". Umma ta rungume ƙafafunta tana kuka tana cewa, "Khairunnisa! Khairunnisa, ki dube ni!" Rana ta farko ke nan da na ji sunan a bakinta.

A ƙofar ɗakin haihuwa wata nas ta tare mu, gajera mai jiki, da farin hijabi ɗan ƙarami. Sista Rauda, daga baya na san sunanta. Murya gare ta kamar ta mai tallan kifi.

"Ku kawo gado! Ke, matsa! Tun yaushe ta fara? Sau nawa?"

Na ga Umma ta ƙame, ta ja baya har ta jingina da bango. Irin muryar da take tsoro ce.

"Sau ɗaya, a mota," na ce. "Wata takwas ne da sati biyu, cikin fari. Jininta ɗari da saba'in a kan ɗari da goma, na auna hannu biyu. Tana ciwon kai kwana huɗu, yau ta ce tana ganin taurari."

Tana jan allura a sirinji ta waigo ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke kika auna? Ina kike aiki?"

"'Yar makaranta ce. Aji shida."

"Hm," kawai ta ce, aka tura gadon ciki aka rufe ƙofa.

Muka zauna a benci a baranda. Zafi, warin maganin wanke ƙasa, mata na wucewa da fulas da bokiti. Yaya Musaddiq ya kira Baba da mijin Yaya, ya je ya sawo abin da aka rubuta, ya dawo ya tsaya can jikin wata bishiya yana kallon masu shiga da fita. Likita ya ce sai an yi aiki an ciro ɗan, mijinta ya iso a kan babur ya sa hannu. Umma carbi kawai take ja, ko ruwa ta ƙi sha.

Ana kiran la'asar ƙofa ta buɗe. Sista Rauda ta fito, gumi ya jiƙa mata hijabi. Ta nufo mu, Umma ta sunkuyar da kai. Sai matar nan, da duk jikinta, ta durƙusa a gaban Umma har ƙasa, ta kama hannunta.

"Mama, sannu. Sannu da haƙuri. An samu mace, 'yar ƙarama ce amma tana kuka da ƙarfi. Uwar ma jinin yana sauka, za mu sa mata ido kwana biyu. Ki yafe mini ihun da na yi ɗazu, in abu ya zo da gaggawa bakina ba ya da linzami."

Umma ta ɗago tana kallonta kamar ba ta gane Hausar ba.

"Taso ki ga jikarki. Ke ma taho, 'yar aji shida. Da kun ƙara awa biyu a gida da wani zancen ake yi."

Kwanansu tara a asibiti. Kullum in na taso daga makaranta can nake wucewa da yunifom ɗina, in karɓi Umma ta je ta yi wanka. Ina zaune da littafin Fizis a cinya, amma rabin hankalina yana kan Sista Rauda: yadda take duba ruwan da aka ɗaura, yadda take rubuta komai a kati, yadda take tsokanar masu jego har su manta da ɗinki su yi dariya. Akwai masu ɗaure fuska a cikinsu, ba zan yi muku ƙarya ba. Umma tana ganinsu, tana kuma ganin Sista Rauda. Da na mayar wa Malama jakarta na ba ta labari, sai ta juya tana goge allon da babu rubutu a kansa.

Bayan an sallame su da kwana shida, da yamma, ina tsakar gida ina wankin kayan jaririya, Umma tana gefe tana dama wa Yaya kunun kanwa. Ba ta dube ni ba ta ce,

"Takardar makarantar nan taku, yaushe ake sayarwa?"

Sabulu ya suɓuce mini. "Wace, Umma?"

"Kin fi ni sani."

"Sai sakamako ya fito."

Ta ci gaba da damu. Can ta ajiye ludayin, ta juyo gaba ɗaya.

"Na yi magana da babanku. Ki je. Amma ki saurare ni da kyau, Auta. Duk ranar da mace ta kira ki tana naƙuda kika ƙi tasowa, ko kika ɗaga mata murya don wulaƙanci, ban yafe miki ba. Ko ina raye ko ba na raye."

Shekarata goma sha ɗaya ina aiki yanzu. Na yi gajiyar da ƙafata ta kumbura, an zage ni, an taɓa tofa mini yawu. Ban taɓa jin kira na zauna ba.

Na rungume ta da hannuna duk kumfa, tana ture ni tana cewa zan ɓarar mata da kunu. Na ruga ɗaki na ɗauki waya.

"Yaya Musaddiq albishirinka! Umma ta yarda! Ta ce in je makarantar jinya!"

Na zauna ina jiran amsa. Mutumin da ko "ina kwana" na tura ba ya minti biyu bai amsa ba. Shiru. Washegari da safe ba tambayar Fizis. Na ce ko kati ne ya ƙare masa, na manta mai shagon waya ne. Sai ranar Alhamis saƙo ya shigo, gajere: "Zan zo gobe in sha Allah. Akwai magana."

Na ci kwalliya ranar Juma'ar nan. Atamfa ta mai ganye kore da na ɗinka da Sallah, da hijabi ruwan madara, har da ɗan kwalli. Na shimfiɗa tabarma, na kawo fura. Bai taɓa kwanon ba. Ya cire hula ya riƙe a hannu yana juya ta.

"Barakatu," ya ce. Ba Sista ba. "Zan faɗa miki gaskiya, don ba na son in cuce ki. Ban taɓa zaton Umma za ta yarda ba."

"Ai ni ma haka. Ba shi ne abin murnar ba?"

"Ba ki gane ba. Na san labarin abin da ya same ta, Hajiyarmu ta daɗe da faɗa mini. Na tabbata ba za ta taɓa bari ba. Shi ya sa ban ga dalilin da zan ɓata miki rai ba. Na ce in bar ki da burinki, ita za ta hana, ni ba ruwana."

Na ji kamar an zare mini tabarmar da nake kai.

"To littafin fa? Tambayoyin kullum da safe fa?"

"Ina son in riƙa jin ki ne." Ya sunkuyar da kai. "Ranar nan na tsaya awa biyar a asibitin can, na ga aikin da idona. Na ga yadda kika yi, wallahi na yi alfahari da ke. Amma na ga masu kwana a can, na ga maza suna shiga suna fita, an ce har ɗakin maza ake tura su. Shekara uku kina Katsina, bayan nan kuma rabin kwananki ba a gida ba. Na auna zuciyata, ba zan iya ba. In malanta ce, ni zan kai ki in ɗauko ki kullum."

"Da ba don abin da na koya ba, da yanzu Yaya…"

"Na sani. Na sani, Barakatu. Shi ya sa na kwana uku ban iya rubuto miki komai ba."

Da ma faɗa ya yi, da na samu abin riƙewa. Amma idonsa ya yi ja. Ya ce kawunansa suna shirin zuwa wajen Baba da zarar na ajiye alƙalamin jarrabawar ƙarshe, kuma yana so kafin ranar in faɗa masa wanda na zaɓa, shi ko makarantar jinya. Saura sati bakwai. Ya sa hularsa, ya yi mini sallama, ya fita. Na ji tashin Golf ɗin, sai da ta yi tari sau biyu kamar kullum.

Na daɗe a zauren kafin na naɗe tabarma. Na ɗauki kwanon fura cike yadda na kawo shi, na goge kwallin da ya zubo mini da bakin hijabi, na shiga gida.

Umma tana zaune ƙarƙashin darbejiya da jaririya a cinya, tana yi mata wasa. Rabon da in ga fuskarta a sake haka har na manta. Ta ɗago tana murmushi.

"Har ya tafi? Kin faɗa masa dai ko? Yaron kirki, shi da ya yi ta wahala da ke a kan karatun nan. Na san ya fi kowa murna."

Na kalli matar da ta danne ciwon shekara ashirin ta ba ni abin da na roƙa. Na ɓoye kwanon a bayana.

"Eh, Umma," na ce. "Ya yi murna sosai."